Takarda Ta Goma Sha Huɗu

Shekara ashirin da uku Goggo Tafireta ta yi a ɗaki ɗaya a kamfanin katifa, wani ɗan tsukukun ofis da ke manne da na Manaja, mai taga ɗaya tak da ke kallon filin da ake loda motoci. Tun tana 'yar siririya mai saurin yatsu aka ɗauke ta, lokacin ana buga takardu da tafireta mai ƙara kamar ana sassaƙa. Tafireta ta tafi tun tuni, kwamfuta ta zo, amma sunan ya manne mata. Har sababbin ma'aikatan da ba su taɓa ganin abin da idonsu ba haka suke kiranta, ita kuma ta amsa ba tare da ta ɗago kai ba.

Ba mace ce mai fara'a ba, kada a yi mata ƙarya. Ba ta zaman gulma, ba ta cin abinci da kowa, kuma in ka kuskura ka dafa teburinta da hannu mai gam, sai ka gwammace ba ka zo aiki ba ranar. Amma duk da wannan bushewar fuskar, babu wanda bai san da durowarta ta ƙasa ba, kuma saboda wannan durowar mutane da yawa suke gaishe ta da hannu biyu.

Ga yadda abin yake. Manaja mutum ne mai zafin rai, a bayan idonsa Fetur ake kiransa, don ko ashana ba sai an ƙyasta ba. Abu kaɗan sai ya faɗo ofishinta yana huci, ya ce, "Malama, buga wa wane takardar kora, yanzu-yanzu." Ta buga, ya sa hannu har biro na neman huda takardar, ta ce, "To, yallaɓai." Yana juya baya ta jefa ta durowar ƙasa, ta rufe. A rana ta uku sai ta cusa ta cikin takardun da za ta kai masa. Sau tara cikin goma ya riga ya huce, sai ya yayyage ta a ɓoye ya watsa a kwando. In kuwa ya ɗago ya ce, "Au, ba a ba shi ba har yanzu?" to wannan ta tabbata, sai ta kai. Babu wanda ya koya mata wannan tsari, kuma ita da Manaja ba su taɓa yin zancensa ba ko sau ɗaya.

A bakin ƙofar kamfanin kuma akwai yayanta, wanda kowa ke kira Baban Ƙofa. Shi ya riƙe ta tun mutuwar ubansu, shi ya riƙa goya ta a keke zuwa makarantar koyon buga takardu, shi ya kawo ta nan ya tsaya mata. Da mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba, ɗaki ya ware mata a gidansa, har yau kuma Auta yake kiranta duk da furfurarta. Shekara ashirin da tara yana riƙe da makullan ƙofar nan, saura wata bakwai ya ajiye su ya huta. Ba shi da mota, ba shi da gona, abin taƙamarsa ɗaya ne a duniya: ko guntun soso bai taɓa fita ta ƙofarsa ba sai da takarda.

Ana nan sai Manaja ya je wani taro ya dawo da sabuwar waƙa. Wai akwai manhajar da za ta riƙa haɗa takardu da kanta, ba sai an iya rubutun masu kwamfuta ba, jan akwatuna kawai ake yi a kan allo. Aka kawo wata mata ta koyar da mutum biyar kwana uku. Da aka zo zaɓen biyar ɗin, Manaja ya ce a gaban mutane, "A sa Malama ma ta zauna, ko ba komai ta sha sanyin ɗakin." Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba, ta dai ɗauki littafinta da biro ta zauna a kujerar gaba.

To, a cikin biyar ɗin nan ita kaɗai ta fito da abu a hannu. Sauran sun fi ta sanin kwamfuta nesa ba kusa ba, amma ba su san hanyar da takarda ke bi ba, ita kuwa ko a barci aka tashe ta za ta faɗa maka wa ke sa hannu, wa ake ba kwafi, wa ba a ba. Sai ta ja akwatin farko, fom ne da ake cikewa a waya. Ta ja layi zuwa na biyu, wanda ke ɗauko sunan mutum da lambarsa da sashensa daga jerin ma'aikata. Na uku ya zuba su cikin wasiƙa mai tambarin kamfani da hatimi da sa hannun Manaja, ya mai da ita PDF, irin takardar nan da ba ka iya goge ko harafi a cikinta. Na ƙarshe ya watsa ta zuwa wayoyin duk waɗanda ya kamata. Ranar da ta fara gwadawa, ta ga akwatunan suna kama koren haske ɗaya bayan ɗaya, takarda ta faɗo wayarta tsaf babu kuskure, sai da ta waiga ko wani ya ga tana murmushi.

Ta so aikin nan, gaskiya ta so shi. Cikin wata biyu ta haɗa takardu goma sha uku: ta hutu, ta canjin sashe, ta gargaɗi, ta shaidar aiki, ta fitar kaya, da sauransu. Da ta zo kan ta kora, sai ta ga manhajar tana da wani akwati da ake kira jira, wanda ke riƙe takarda iya lokacin da ka ce. Ta sa shi a tsakiya, ta rubuta kwana uku.

Manaja ya zo gwaji, ya danna, ya tsura wa wayarsa ido, shiru.

"Malama, ina takardar?"

"Tana jira, yallaɓai. Sai bayan kwana uku."

"Jiran wa? Ni na kawo abin nan don gudu, ke kuma kin ɗaura masa dutse a ƙafa. Cire shi."

"Yallaɓai, ta kora ce fa."

"Na ji. Cire."

Ta cire. Bai tsaya nan ba, ya ce duk takardar kora a riƙa tura kwafinta ga shugabannin sassa da ƙungiyar ma'aikata da bakin ƙofa, don kowa ya shiga taitayinsa. Sannan ya sa aka liƙa sanarwa a ƙofar ofishinta, da sa hannunsa ɓaro-ɓaro, cewa daga yau ba a ƙara buga wa kowa kowace irin takarda da hannu.

Wata Laraba da hantsi aka cika babbar mota da katifu, kayan wani otal ne da aka riga aka makara da su. Direba ya zo ƙofa yana ta matsa ham, Baban Ƙofa ya ƙi buɗewa, don takardar fitar kaya ba ta shigo wayarsa ba. Mai sito ne ya manta bai danna ba, ya tafi bayi. Manaja ya sauko da gudu, wuyan riga a buɗe.

"Buɗe ƙofar nan."

"Yallaɓai, takarda ba ta zo ba."

"Ni ne takardar. Buɗe."

"Ranka ya daɗe, da bakinka ka ce ko kai ne kada in buɗe."

Wani cikin masu lodi ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, sauran suka taya shi. Wannan dariyar ita ta ja komai. Goggo tana tsaye a tagarta ta ga Manaja ya zaro waya, ta ga babban yatsansa na tsalle a kai. Ta juyo ga allonta, sai ga akwatunan da ta haɗa da hannunta suna kama kore, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta kai hannu ba ta san abin da za ta kama ba. A ƙasa wayar Yaya ta yi ƙara a aljihunsa, ta shugaban masu ɗinki ta yi, ta ɗan ƙungiya ta yi.

A fom ɗin kora dalilai biyar ne ake zaɓa, ita ta jera su: makara, fashin aiki, faɗa, rashin ladabi, sata. Takardar da ta fito, da tambari da hatimi, cewa ta yi an sallami Baban Ƙofa daga yau saboda sata.

Yaya ya ciro tabaraunsa ya saka, ya karanta a hankali yana motsa leɓe. Ya cire tabaraun ya mayar aljihu. Ya kwance makullan daga ƙugunsa ya miƙa wa direban motar, don shi ne ya fi kusa, ya fita ta ƙaramar ƙofa. Ko rediyonsa da ke rataye a ƙusa bai ɗauka ba.

Washegari ta shiga ofishin Manaja ta rufo ƙofa. Ya riga ya huce kamar kullum, yana shan shayi, sai dai ya ƙi haɗa ido da ita.

"Yallaɓai, ka san Yaya ba ɓarawo ba ne."

"Na sani, Malama. Yatsana ne ya zame. Rashin ladabi na so in taɓa, suna kusa da juna."

Ta ji wani sanyi ya sauko mata. Ta ce, "To ai da sauƙi. A fitar da wata, a ce kuskure ne."

Ya ajiye kofin. "In ce kuskuren wa? Wata biyu ke nan da na tsaya gaban Mai Kamfani na ce tsarin nan ba ya kuskure. In kuma na ce nawa ne, so kike masu lodi su sake yi min dariya? A bar maganar ta lafa. Mutane mantuwa gare su."

A shekara ashirin da uku ba ta taɓa durƙusa wa kowa a ginin nan ba. Ranar ta durƙusa, gwiwa biyu a kan siminti, ta ce ko aikin ba a mayar masa ba a cire masa kalmar nan kawai. Manaja ya dubi agogonsa ya ce yana da baƙi ƙarfe goma.

Mutane kuwa ba su manta ba. Takardar waya ba ta tsufa, ba ta yagewa, daga wannan hannu sai wancan. Kafin mako ta zagaye unguwarsu. Mai shagon da ke kusa da gidansu, wanda shekara da shekaru in zai yi tafiya Yaya yake bar wa makulli, sai ya koma bar wa wani. Masu gaisuwa suka riƙa gaisawa suna sauri. Yaya bai yi wa kowa bayani ba, ya dai daina fita. Daga ɗaki sai tsakar gida, daga tsakar gida sai ɗaki, wuyansa ya zurma, rigunansa suka yi masa yawa. Matarsa takan ajiye masa abinci ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Goggo ta tsani Manaja, tsana irin wadda ko ƙarar takalmin mutum ba ka son ji. Ta ja masa Allah ya isa har ta gaji, ta ga bai ishe ta ba. So take ta ga kalmar nan ta fita daga kan Yaya, kuma so take ta ga mutumin nan a durƙushe, kuma ba za ta yafe ko ɗaya cikin biyun ba. Ta yi tunanin ta dagula manhajar ta kunyata shi, ta ga ai aikinta ne, sunanta zai ɓaci. Ta yi tunanin ta kai ƙara wurin Mai Kamfani, ta ga maganar magatakarda ce da ta Manaja, kuma 'yar'uwar wanda aka kora ce, wa zai saurare ta?

Tana cikin wannan ƙunci wata rana ta jawo durowar ƙasa don ta kwashe tarkace, tunda ba ta da sauran amfani. Can ƙurya ta ci karo da wata ambulan mai ruwan ƙasa da ta manta da ita. Ta buɗe, ta zauna daɓas.

Ashe ba ma'aikata kaɗai durowar nan ta yi wa rana ba. Mai Kamfani dattijo ne mai kaifin harshe, yakan zo zagaye jefi-jefi, kuma duk zuwan da ya ci wa Manaja fuska, Manaja yakan hau dokin zuciya ya faɗo mata ya ce, "Buga min takardar ajiye aiki, na gaji da wulaƙanci." Ta buga, ya sa hannu, ya ce a kai wa Mai Kamfani yau ɗin nan. Irin waɗannan ba ta ma mayar masa a rana ta uku, don kada ya ji kunya. Ta dai tara su. Ta ƙirga, tara ne cif, kowace da kwanan wata da sa hannunsa. Saboda shi ma ta ƙi haɗa takardar ajiye aiki a manhajar tun farko, ta tsaya a goma sha uku. Tausayinsa ta ji, wai ita mai hankali. Ta dubi takardun nan ta yi wa kanta tsaki.

Da safe ta shiga wurinsa da littafinta. "Yallaɓai, saura takarda ɗaya ba ta shiga tsari ba. Ta ajiye aiki."

"To sa ta mana, me kike jira?"

"Wa za a tura wa?"

"Ta ƙananan ma'aikata ta zo min. Ta manya ta tafi wurin Mai Kamfani kai tsaye, ya danna amincewa. Kwafi kamar kullum."

"A sa mata akwatin jira?"

Ya ɗago a fusace. "Malama, sau nawa zan faɗa miki?"

Ta san amsar kafin ta tambaya, so take dai ya faɗa da bakinsa. Ta rubuta a littafinta, ta miƙa masa ya sa hannu a ƙasa. Ba ta taɓa haɗa takarda da kulawa irin wannan ba. Sau bakwai tana gwada ta, ta daidaita tambarin, ta gyara tazarar layuka, har sai da ta zama mafi kyau a cikin goma sha huɗun.

Daga nan sai jira, kuma jira ai sana'arta ce. Wata huɗu ta yi tana gaishe shi da murmushi, ita da ba ta yi wa kowa. Ta riƙa tuna masa lokacin shan maganinsa. Har ya ce wa mai sito, "Ka ga Malama, mace mai tawakkali, ta mai da komai ba komai ba." Mai sito ya kawo mata wannan yabo da zafinsa, ta ce ta gode.

Ranar ta zo wata Litinin. Wani babban mai saye ya dawo da katifu mota guda, wai soson ya lotsa tun ba a yi wata ba, kuma aka yi rashin sa'a motar ta shigo Mai Kamfani na tsaye a fili. Dattijon ya sa aka sauke katifa ɗaya, ya taka ta da ƙafa, ta lotsa ta ƙi tasowa. Abin da ya faɗa wa Manaja a gaban masu lodi ba ya maimaituwa, mafi sauƙi a ciki shi ne ko akuya aka ɗaura wa lakataye a wuya za ta fi shi riƙon kamfani. Ya shiga motarsa ya tafi.

Goggo ta gani daga taga. Ba ta yi gaggawa ba. Ta kira shugaban masu ɗinki da ɗan ƙungiya ta ce su zo su duba wani jeri, ta buɗe ƙofarta ta tokare ta da kujera wai zafi ya yi yawa. Suna zaune sai ga takun takalmi.

"Malama, buga min takardar ajiye aiki. Yau na bar musu kamfaninsu."

Ta miƙe tsaye da ladabi. "Yallaɓai, ai an hana bugawa da hannu." Ta nuna sanarwar da ke ƙofa. "Tana cikin wayarka, ita ce ta goma sha huɗu."

Ya tsaya. Ya dubi sanarwar, ya dubi mutanen biyu da suka sunkuyar da kai amma kunnuwansu a tsaye, ya dubi wasu uku da suka rage tafiya a baranda. Sannan ya dube ta. Ta gane kallon sarai. Cewa yake a ransa ai Malama ce, duk yadda aka yi ta tanadi inda za ta riƙe masa, ba yau ta fara ba. Ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba in za ta ce to, yallaɓai.

Ya zaro wayar, ya cike, ya danna da ƙarfi, ya shige ofishinsa ya bugo ƙofa. Ta zauna ta kalli akwatunanta suna kama kore, kuma wallahi ta ji daɗi har tafin ƙafarta. Mai Kamfani ko gida bai kai ba, zuciyarsa na tafasa, takarda ta same shi a mota. Minti shida ya ɗauka ya danna amincewa. Wayar shugaban masu ɗinki ta yi ƙara, ta ɗan ƙungiya ta yi, suka karanta suka dubi juna, suka sulale ba sallama.

Da yamma, bayan an fara watsewa, Manaja ya shigo ya janye kujerar ya rufe ƙofar da kansa. Fuskarsa ta yi fari-fari, leɓensa ya bushe. Ya zauna a bencin da masu neman hutu ke zama.

"Goggo," ya ce, bai taɓa kiranta haka ba. "Na yi magana da shi. Ya ɗan sauko. Ya ce in har manhajar ce ta tura da kanta, sai a ce kuskuren na'ura ne, kowa ya tsira da mutuncinsa. Gobe zai zo ya tambaye ki, tunda ke kika haɗa. Ina da 'ya'ya shida, uku suna makaranta. A shekaruna wa zai ɗauke ni?"

Ta bar shi ya gama, har ya sake maimaita zancen 'ya'yan. Sannan ta ciro farar takarda mai tambari da biro ta ajiye a gabansa.

"Rubuta da hannunka cewa Yaya bai saci komai ba. Ka rubuta yatsanka ne ya zame, ka kuma sani tun ranar, ka ƙi gyarawa. Ka sa hannu, ka buga hatimi."

Ya dubi biron. "In na rubuta, za ki ce na'ura ce?"

"Rubuta tukuna."

"Ki yi min alkawari, Goggo."

"Na yi alkawari."

Ya durƙusa gaban teburin, don bencin ya yi ƙasa da yawa, ya rubuta. Ta karanta sau biyu, ta sa ya ƙara kwanan wata, ta ninke ta sa a jaka.

Ƙarfe tara na safe Mai Kamfani ya zauna a kujerar Manaja, Manaja na tsaye a gefe, aka kira ta. Dattijon ya ce, "Malama, an ce min abin nan naki yakan tura takarda ba a sa shi ba. Haka ne?"

"Ranka ya daɗe, lafiyarsa ƙalau. Bai taɓa tura abin da ba a danna ba." Ta juya masa kwamfutar. "Ga lokacin, ga wayar da aka cike fom ɗin da ita. A gaban mutum biyu aka yi."

Da ta tsaya nan ma ya isa, amma ba ta tsaya ba. Ta ciro ambulan mai ruwan ƙasa ta jera takardun tara a kan tebur, ɗaya kusa da ɗaya, ta ce, "Waɗannan ma naka ne, ranka ya daɗe, sun daɗe a wurina." Dattijon ya bi su da ido yana karanta shekarun, har ya kai ta ƙarshe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Manaja ya bar makullin mota wurin direba.

A nan ta nuna masa takardar Yaya, ta nemi izini, ya gyaɗa kai. Kafin azahar ta ɗauki hotonta ta mai da ita PDF, ta tura wa duk wayar da ta farko ta shiga, ta kuma roƙi ɗan ƙungiya ya watsa ta har inda ƙarfinsa ya kai.

Ta koma gida da wuri, tana tafe kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ta tarar da Yaya a tsakar gida da tabarau a hanci, wayarsa na ta ƙara a kan tabarma, matarsa na share hawaye tana dariya. Goggo ta durƙusa ta miƙa masa ta ainihin, mai rubutun hannu. Ya shafa hatimin da yatsa, ya daɗe yana kallo.

"Auta, mutumin nan ba ya ba da haƙuri. Yaya aka yi ya rubuta?"

Ta kwashe labari ta faɗa masa tas, da alfahari, har tana kwaikwayon muryar Manaja. Matar Yaya na cewa madalla, Allah ya ƙara. Shi bai yi dariya ba.

"Kin yi masa alkawari?"

"Na yi."

"Da bakinki?"

"Da bakina, Yaya. Ai gaskiya na faɗa wa Mai Kamfani. So kake in yi ƙarya?"

"Ba na so ki yi ƙarya. Shi ya sa bai kamata ki ce za ki yi ba." Ya ninke takardar. "Mutum ya durƙusa miki, kin karɓi abin hannunsa, kin sake shi a rami. Ba haka na rene ki ba."

Ta miƙe a fusace. "Ni ma na durƙusa masa, agogo ya duba. Ko yau aka dawo da jiya, haka zan sake yi, har in ƙara."

"Na sani," in ji shi. Ya tashi ya shiga ɗaki da takardar.

Washegari da safe tana ɗaure ɗankwali a ƙofar ɗakinta za ta tafi aiki, sai ga Yaya ya fito cikin babbar rigarsa ta fita, an goge ta, ya yi aski, takardar na leƙowa daga aljihun gaba. Ta ce, "Ina kwana, Yaya." Ya wuce ta gabanta kamar bai ji ba, ya buɗe ƙofar gida ya fita titi. Ta jiyo mai shago yana kwaɗa masa gaisuwa tun daga nesa, har da tambayar kwana biyu, ta jiyo Yaya na amsawa da cikakkiyar muryarsa. Abin ya yi mata ciwo, ya kuma yi mata daɗi, ta tsaya ta auna su biyun ta ga ba ta yi asara ba. Ta ɗauki jakarta, ta jira sai da ya sha kwana, sannan ta fita.